Na ba da kafin alƙalami, mai gida ya juya zai sallama wa wani. Ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana shari'a da ke cikin wannan zaure, don tun jiya raina a jagule yake. Wata biyu ke nan muna cinikin wani gida ta hannun dillali. Na taya, aka ce albarka. Na ƙara, aka sake cewa albarka. A karo na uku mai gidan ya ce ya sallama. Na ba da kafin alƙalami, kashi goma cikin ɗari, aka ba ni rasit, aka ce in cika saura kafin 30 ga wata mai kamawa. Na sayar da abin da zan sayar, kuɗi sun haɗu tsaf. Jiya sai dillalin ya kira ni wai wani ya zo da tayin da ya fi nawa, don haka za a mayar mini da kuɗina. Ni gidan nake so. Ina da hakki a kai, ko sai dai in rungumi ƙaddara?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Hajiya, na haura shekara ashirin ina dillancin gidaje. In mai kaya ya buɗe baki ya ce ya sallama, har ya miƙa hannu ya karɓi kafin alƙalami, ai an wuce wurin. Magana zarar bunu ce. Gidanki ne, kada ki yarda a raina miki hankali.

Barista Kabiru:
Alhaji, a wajen mutunci da cika alkawari ina tare da kai. Amma Hajiya hakkinta take tambaya, kuma alƙali ba zai tsaya a kan "ya ce ya sallama" ba. Zai nemi ya ga an yi tayi bayyananne, an karɓe shi yadda yake ba tare da ƙarin sharaɗi ba, kowane ɓangare ya ba da wani abu ko ya yi alkawarin bayarwa, kuma masu cinikin mutane ne da doka ta yarda su ƙulla shi. A kan fili da gida kuma, ƙasashe da yawa sun ƙara sharaɗin rubutu. Hajiya, ki gaya mana: da wane lafazi ya sallama, a gaban wa, kuma me aka rubuta a rasit ɗin kalma da kalma? Ki sani dokar ƙasar da gidan yake ita ce za ta yi aiki. Abin da za mu tattauna a nan ginshiƙai ne kawai.

Zainab A.:
Barista, ni ɗalibar shari'a ce, a ba ni dama in sa baki. Maganar "albarka" ɗin nan ta tuna mini shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 a Ingila. Wrench ya ce zai sayar da gonarsa fam 1,000. Hyde ya taya fam 950, Wrench ya ƙi. Bayan kwana biyu Hyde ya dawo ya ce to ya yarda da 1,000 ɗin, Wrench ya ce ya fasa. Kotu ta ce babu ciniki, domin lokacin da Hyde ya sauko da farashi ya kashe tayin farko da hannunsa, ba zai iya tayar da shi ba sai da yardar mai gona. Kenan tayin Anti na farko da na biyu duk sun mutu. Na ukun ne kaɗai za a duba.

Barista Kabiru:
Haka ne Zainab. Shi ya sa na tambayi lafazi. "Na sallama" daban, "na sallama amma bari in ji ta bakin 'ya'yana" daban. Na biyun ba karɓa ba ne, ciniki yana nan a buɗe. Akwai kuma wadda mutane suka fi faɗawa ciki: faɗin farashi. A 1893 an yi shari'ar Harvey da Facey, ta taso daga Jamaika. Harvey ya aika telegiram yana tambaya ko za a sayar masa da wani fili, kuma nawa ne ƙarshen farashi. Facey ya amsa da cewa ƙarshen farashi fam 900 ne. Harvey ya ce ya saya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ta ƙasashen da Ingila ke mulka, wato Privy Council, ta ce Facey farashi kawai ya faɗa, bai taɓa amsa tambayar ko zai sayar ba. Har gobe mutane na jin "ƙarshensa kaza ne" su ɗauka an sallama musu.

Maman Hanifa:
A waya ya faɗa, dillali ya sa muryar a fili muna ji mu uku, da ni da ƙanena da shi. Cewa ya yi, "Na sallama mata, Allah ya sa alheri." Babu wani amma.

Alhaji Garba:
To kun ji. Shaidu biyu ga su nan. Me kuma ake nema?

Barista Kabiru:
Rubutu ake nema, Alhaji. Tun 1677 Ingila ta kafa dokar hana zamba, wadda ta ce ba za a tilasta cinikin fili a kotu ba sai in akwai wani rubutu a kai mai ɗauke da sa hannun wanda ake ƙara. Ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila da jihohin Amurka sun ɗauki wannan ƙa'ida, kowa da irin gyaran da ya yi mata. Ita Ingilar ma ta ƙara tsanantawa a 1989: yanzu dole yarjejeniyar kanta ta kasance a rubuce, ta ƙunshi duk sharuɗɗan da aka amince a kai, kuma ɓangarorin biyu su sa hannu. In ba haka ba, babu ciniki sam.

Alhaji Garba:
Barista, ka yi haƙuri, amma wannan ai doka ce mai goyon bayan mayaudari. Mutum ya yi alkawari a gaban mutane, ya ci kuɗi, sannan ya fake da cewa bai rubuta ba?

Barista Kabiru:
Ƙorafinka yana kan hanya, kuma alƙalai sun daɗe da ganinsa. Amma ka juya abin. Ka ɗauka gidanka ne, sai wani ya zo kotu da abokansa biyu suka rantse cewa ka sallama masa a bakin hanya, alhali ba ka taɓa ganinsa ba. Irin wannan ce ta yi yawa har aka kafa dokar. Daga baya da aka ga wasu na ɓuya a bayanta, kotuna suka buɗe wata ƙofa: in mai saye ya riga ya fara aiwatar da cinikin ta hanyar da ke nuna lallai an yi shi, misali an ba shi mabuɗi ya tare, ko ya fara gini da sanin mai gida, to ana iya tilasta cinikin ko babu takarda. Wasu ƙasashen har yau suna aiki da wannan, Ingila kuma ta rufe ƙofar a 1989 ta bar wasu ƙanana. Biyan kuɗi kaɗai ba kasafai yake isa ba, don ana iya cewa a mayar maka da abinka.

Malam Idrisu:
Allah ya saka da alheri. A fiƙihu, ciniki yana ƙulluwa ne da ijabi da ƙabuli, wato tayi da karɓa, tsakanin masu hankali da suka mallaki abin, in an san kaya an san farashi. Rubutu ba sharaɗin inganci ba ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu in an yi ciniki. Cinikin Hajiya akwai saura da aka yanka wa rana, ya shiga ƙarƙashinta kai tsaye. Sannan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. In wancan mai sayen ya san an sallama, yana da nasa laifin, dillalin da ya kawo shi ma haka.

Habu Lawali:
Ni a tsarin Faransa na yi karatu, kuma a nan ya fi kusa da abin da Malam ya faɗa. Sashe na 1583 na kundin dokokin farar hula ya ce ciniki ya kammala da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko ba a miƙa kaya ba, ko ba a biya ba. Sai dai a aikace, kafin a yi wa gida rajista ya zama hujja a kan sauran mutane, dole a bi ta hannun notaire, jami'in da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardu. Jamus ta fi kowa tsauri: sashe na 311b ya ce yarjejeniyar sayar da fili sai a gaban irin wannan jami'i. Shi ya sa amsar Hajiya za ta iya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Maman Hanifa:
Ga abin da ke rasit ɗin. An rubuta sunana da sunan mai gida, lambar gidan da layin, jimillar kuɗin, abin da na biya, saura, da ranar cikawa. Ni na sa hannu, dillali ya sa a matsayin shaida. Wajen mai sayarwa kuma babban ɗansa ne ya sa hannu, don baban ba ya gari ranar.

Zainab A.:
Anti, wannan ai ya wuce rasit! Masu ciniki, gida, farashi, rana, duk suna ciki.

Barista Kabiru:
Gaskiya takardar ta fi yadda na zata ƙarfi. Kotu ba ruwanta da sunan da aka raɗa wa takarda, abin da ke cikinta take karantawa. Amma jimlarki ta ƙarshe, Hajiya, a nan gizo ke saƙar. Zama ɗan mai gida bai ba mutum ikon sayar da gidan ubansa ba. Ba wanda ke iya ba da abin da bai mallaka ba. Sa hannun ɗan zai ɗaure uban ne kawai in wakilinsa ne, wato ya ba shi izini kafin nan, ko kuma ya amince da abin da ya yi daga baya. A wurare da yawa, in har za a kai ga sa hannu a takardar mallaka ta ƙarshe, sai wakili ya nuna takardar wakilci. Ina tabbatar miki ta nan lauyansu zai shigo: zai ce yaro ne ya yi gaban kansa. Kuɗin, hannun wa suka shiga?

Maman Hanifa:
Asusun bankin baban na tura. Da yamma ya aiko mini da saƙon murya ya ce kuɗi sun shigo, ya gode, in yi ƙoƙari in cika a kan lokaci. Yana nan a wayata.

Barista Kabiru:
Alhamdu lillahi. Kada ki goge shi, kada ki sauya waya, ki kuma adana kwafinsa a wani wuri daban yau ɗin nan tare da shaidar banki. Mutumin da ya sallama da bakinsa, kuɗi suka shiga asusunsa, ya aiko yana tuna miki ranar da ke rubuce a takardar da ɗansa ya sa wa hannu, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai san da ita ba. Ba na ce kin ci shari'a ba, amma kina da abin riƙewa.

Malam Idrisu:
Wannan shi ne malamai ke kira cinikin mai shisshigi, mutum ya sayar da kayan wani. A mazhabar Malikiyya da Hanafiyya ba a ce ya ɓaci ba, ana dakatar da shi ne a kan yardar mai kaya. In ya yarda ya zartu. Shafi'iyya ne suka ce ɓatacce ne tun asali. Karɓar kuɗi da godiya kuwa yarda ce a fili.

Injiniya Bello:
Ni dai shawarata daban ce. Hajiya, shari'ar gida tana cin shekaru, tana cin kuɗi, tana cin lafiya. Ki karɓi kuɗinki, ki ce su ɗora miki wani abu na ɓata lokaci, ki nemi wani gidan. Na ma ji ana cewa wanda ya fasa bayan ya karɓi kafin alƙalami ninki biyu yake mayarwa.

Habu Lawali:
Injiniya, ninki biyun nan daga sashe na 1590 na dokar Faransa yake. In an ba da kuɗin a matsayin kuɗin damar fasawa, mai saye in ya fasa ya yi asararsu, mai sayarwa in ya fasa ya mayar da ninki biyu. Amma in an ba da su a matsayin somin biya, babu mai ikon fasawa. Ba ƙa'idar duniya ba ce, kada Hajiya ta dogara da ita sai lauyanta ya ce tana aiki a inda take.

Malam Idrisu:
Tunda an zo nan, a kula. Kafin alƙalamin da za a ce in mai saye ya fasa ya tafi ke nan, shi ne urbun. Imam Malik ya hana shi, haka mafi yawan malamai, don cin dukiyar mutum ne ba tare da musaya ba. Imam Ahmad ya halatta, yana kafa hujja da gidan da Nafi'u ɗan Abdul Harisi ya saya wa Sayyidina Umar a Makka daga Safwanu ɗan Umayya don a mai da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar bai yarda ba za a bar wa Safwanu wani abu. In kuwa an yi cewa za a mayar da kuɗin idan ciniki bai yiwu ba, babu saɓani a kan halaccinsa. Abu ɗaya nake so Hajiya ta riƙe: in ta karɓi kuɗinta da yardarta, an yi iƙala ke nan, wato sun warware cinikin su biyu. Ba ta da sauran magana.

Barista Kabiru:
Malam ya riga ni. Injiniya, shawararka ba ta banza ba ce, sulhu sau da yawa ya fi. Amma a yi shi da ido buɗe, a rubuce, bayan ta san ƙarfin da take da shi. In suka turo kuɗin asusunta ba da izininta ba, kada ta taɓa su, lauyanta ya rubuta musu nan take cewa ba ta karɓa ba.

Dalilin da ya sa na ce tana da ƙarfi: a yawancin ciniki, in aka saɓa maka, diyya kawai kotu ke ba ka, don za ka iya sayen irin kayan a wani wuri. Fili kuwa doka na ɗaukarsa abin da ba shi da na biyu, shi ya sa kotu kan tilasta wa mai sayarwa ya cika cinikin. Sai dai wannan ganin damar alƙali ne, kuma ba ya ba wanda shi ma bai cika nasa ba.

A nan ne nake jin tsoro, Hajiya: ranar 30. Kada ki ce tunda sun ce sun fasa bari ki zauna. A 1997 an yanke wata shari'a da ta taso daga Hon Kon, Union Eagle da Golden Achievement. Yarjejeniya ta ce a cika kuɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, kuma lokaci sharaɗi ne mai tsauri. Ɗan aiken mai saye ya iso da kuɗin da ƙarfe biyar da minti goma. Mai sayarwa ya soke ciniki ya riƙe kashi goma da aka ba shi, kotu kuma ta tabbatar masa. Minti goma. Ba kowace yarjejeniya ce ke da wannan tsaurin ba, kuma rasit ɗinki bai faɗe shi ba, amma kada ki ba su ƙofa. Tun kafin ranar, lauyanki ya rubuta cewa saura na nan a shirye, ga shaidar banki, a faɗi wuri da lokacin sa hannu.

Hauwa Uwar Biyu:
Maman Hanifa, don Allah kafin ki zuba sauran kuɗinki ki binciki gidan kansa. Ni na saya a hannun wani dattijo mai kamala, takarda lafiya lau, shaidu huɗu. Bayan wata bakwai 'yan uwansa mata biyu suka bayyana, ashe gidan gado ne ba a raba ba, kasonsa kawai yake da ikon sayarwa. Shekara uku muna abu ɗaya. Ban je ofishin rajistar filaye ba sai da wuta ta kama, alhali binciken kwana kaɗan ne. A duba sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai wata ƙara a kansa, a kuma sa safiyo ya auna iyaka.

Malam Idrisu:
Allah ya mayar miki da alheri, Hauwa. Ko da kasonsa kaɗai ya sayar miki, abokan tarayyarsa suna da hakkin shuf'a, su biya abin da kika biya su karɓe. A Malikiyya abokin tarayya a abin da ba a raba ba ne ke da wannan hakki, Hanafiyya kuma sun shigar da maƙwabci.

Zainab A.:
Barista, tambaya. In mai gidan ya yi sauri ya kammala da mutum na biyu, aka yi masa rajista, ina makomar Anti?

Barista Kabiru:
Tambayar da ta fi kowace gaggawa ke nan. A tsarin Ingila da magadansa, wanda ya saya da zuciya ɗaya, ya biya, ya karɓi mallaka ba tare da sanin an riga shi ba, yawanci doka na kare shi. Sai Hajiya ta koma neman kuɗinta da diyya a wajen mai gida, gidan kuwa ya tafi. Maganin abin shi ne a hana shi cewa bai sani ba. A aika masa wasiƙa da kwafin rasit, ta hanyar da za a iya tabbatar da ya karɓa. In ofishin rajista na karɓar takardar gargaɗi a kan gida, a shigar. In sun ƙi tsayawa, a nemi kotu ta dakatar da duk wani ciniki har a saurari ƙara. Wannan aikin kwanaki ne, ba na makonni ba.

Alhaji Garba:
Na karɓi gyara a kan rubutu. Amma ina nan a kan bakana cewa dillalin nan ya ci amanar sana'a. Wanda ya sa hannu a matsayin shaida, ya san an sallama, sannan ya kawo wani don la'ada ta ƙaru. Hajiya, ki nemi wani babba da mai gidan ke jin nauyinsa ya je tare da wasiƙar lauyan. Sau da yawa in mutum ya ga takarda ya kuma ga idon da yake kunya, yakan dawo hanya.

Maman Hanifa:
'Yan uwa, na dawo da bayani. Na ga lauya shekaranjiya da rasit da saƙon muryar da shaidar banki. Ya yi bincike a ofishin rajista: sunan baban ne kaɗai a takarda, babu jingina, babu ƙara. Ya rubuta wa mai gida, ya rubuta wa ɗaya mai sayen, wanda ashe bai biya ko sisi ba tukuna, kuma ya ce shi ba a gaya masa an sallama wa kowa ba. Yayana zai je wajen baban gobe kamar yadda Alhaji ya ce. Saura kwana tara ranar ta cika. Barista, in sun ce in turo sauran kuɗin asusun baban kafin a zauna, in tura?

Barista Kabiru:
A'a, Hajiya. Kuɗi da sa hannu a zama ɗaya. Sauran su zauna a asusunki ko a hannun lauyanki, shi kuma ya shirya cikakkiyar yarjejeniya da takardar miƙa mallaka tun yanzu. Ranar zama baban da kansa zai sa hannu a gaban shaidu, ya miƙa takardun gidan na asali da mabuɗai, sannan a saki kuɗi. In ya ce ɗansa ne zai zo, a ga takardar wakilci tukuna, lauyanki ya tabbatar da ita. Ki sa a tsayar da zaman kwana biyu ko uku kafin 30, don in banki ya yi jinkiri ki sami sararin gyarawa.

Maman Hanifa:
To, na gode. Zan kira lauyan yanzu a tsayar da 27.